Daga Kalambaina Zuwa Kalgo: Darasin Annoba

Mai karatu, tarihin ƙasar Gwandu ya nuna mana cewa 'yan'uwa sukan ɓata a lokacin yalwa, sai tsanani ya zo su tuna da junansu.

Bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, an samu ɓaraka tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka yi wa mubaya'a a Sakkwato. Suka yi 'yan shekaru ba sa ga maciji. Sai da tawaye ya tashi a Kalambaina, kusa da Gwandu, Bello ya taho da runduna ya agaza wa baffansa. Da ƙura ta lafa, Malam Abdullahi, duk da girmansa da iliminsa, ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ashe jini ya fi ruwa kauri.

Gabar Gwandu da Kabawan Argungu kuwa ta fi wannan daɗewa, domin kusan ƙarni na 19 duka aka yi ana fafatawa. Amma da murar 1918 ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar dogo zuwa Arewa, ba ta tambayi kowa asalinsa ba. Haka sanƙarau na 1996, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa: Bafillace da Bakabe da Badakkare, makara iri ɗaya ta ɗauke su.

A watan Maris na 2020 an taru a Argungu wajen bikin kamun kifi, bikin da asalinsa ziyarar sulhu ce ta Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934. Makonni kaɗan bayan haka korona ta sa aka rufe makarantu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, alhazanmu ma ba su sauke farali a shekarar ba. Nan fa sabuwar rarrabuwa ta kunno kai. Wasu na cewa cutar masu hawa jirgin sama ce, wasu na cewa babu ita ɗungurungum, wasu kuma suna ƙyamar duk wanda aka ce ya kamu. Duk da haka, asibitin jiha da ke Kalgo, inda aka keɓe masu cutar, bai ware gado don mutumin Gwandu ko na Argungu, na Yawuri ko na Zuru ba.

Sai dai a lura, tsanani shi kaɗai ba ya haɗa kan mutane. A Kalambaina sai da wani ya taso ya kawo agaji, wani kuma ya sauke girman kai. Annoba tana tara mu wuri guda ne kawai, sauran aikin namu ne.

Ya ku 'yan'uwa marubuta, dattawan da suka ga sanƙarau da ma'aikatan jinyar da suka yi dakon korona suna nan da ransu. Mu je mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ƙara mana zumunci, amin.