Firinta ba ta son hutu

A 1977 injiniyoyin Canon a Japan suka gano cewa zafi na iya sa tawada ta yi tsartuwa daga bakin allura. Da irin wannan dabara HP ta fito da firintar ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Epson ta bi wata hanya: tana matso tawadar ba tare da dafa ta ba. Amma duk sun gaji ciwo ɗaya. Hujojin da tawadar ke bi ba su kai kaurin gashin kai ba, ita kuma ruwa ce, in ta zauna sai ta daskare.

Na ga haka ƙuru-ƙuru a shagunan buga takardu na bakin jami'a, bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022, wata takwas. Aka buɗe shago a Oktoba, takarda na fitowa da fararen layuka, ja ya ɓace sam. Waɗanda suka tsira su ne masu leƙowa kowane mako su buga shafi ɗaya mai launi, su kashe firintar da maɓallinta, ba su fizge waya daga soket ba, don kan da ke fesa tawadar ya koma mazauninsa ya rufu. Sannan su lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura.