Kwaɗi da Hawainiyoyin Tsaunukan Kamaru da Najeriya

Daga gaɓar teku a kudu maso yammacin Kamaru, jerin tsaunukan da aman wuta ya samar ya miƙe zuwa arewa maso gabas, rassansa kuma sun shigo Najeriya ta tudun Obudu a Jihar Kuros Riba da tudun Mambila a Jihar Taraba. Dutsen Kamaru ne mafi tsawo a cikinsu, kimanin mita 4,040. Na Oku ya kai mita 3,011, Chappal Waddi kuwa, ƙololuwar Najeriya, mita 2,419. Yankin na cikin wuraren da suka fi yawan nau'o'in kwaɗi a Afirka.

Sanyi ne sanadin wannan arziki. Kurmin da ke saman kowane tsauni yana da danshi da hazo, kwaruruka masu zafi kuma sun raba shi da maƙwabtansa. Kwaɗon da ya saba da sanyi ba ya iya ratsa kwarin, don haka zuriyarsa ta daɗe a keɓe har ta zama nau'i na daban. Wannan keɓewar ita ce kuma rauninsa: idan kurminsa ya tafi, ba shi da wani gida.

Babban misali shi ne kwaɗon tafkin Oku, wanda masana suka raɗa wa suna Xenopus longipes a shekarar 1991. Duk duniya ba a samun sa sai a wannan tafki guda, da ke bakin tsohon dutse mai aman wuta, sama da mita 2,200. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Asali babu kifi a tafkin, abin fargabar shi ne wani ya zuba kifin kiwo ya cinye ƙwai da talibambam.

Cikin masu jan ciki, hawainiyoyi ne suka fi shahara, musamman Trioceros quadricornis, wadda namijinta ke da ƙahoni a hanci, ana kuma samun ta har a Obudu. Kyanta ya ja mata fatake masu kai ta Turai da Amurka don ajiyewa a gida.

Noma na hawa gangaren tsaunuka, ana sare itace, ana cinna wa ciyawa wuta da rani domin shanu su sami sabon toho. Ga kuma cutar fata da wani nau'in funfuna ke haddasawa, wadda ta halaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, kuma an gano ta a Oku da Manenguba, inda wasu nau'o'in suka ragu ƙwarai.

Tun 1987 ƙungiyar BirdLife ta fara aiki da al'ummomin kurmin Kilum-Ijim da ke kewaye da Oku, inda mazauna ke samun kuɗi daga zuma ba tare da sare bishiyoyi ba. A Najeriya, gandun dajin Gashaka-Gumti da kurmin Ngel Nyaki ne manyan mafaka. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi a Kamaru, wanda ya ɓarke a 2016, ya sa zuwa Oku ya yi wa masu bincike wuya.