Asalin Kalmar "Messmate" da Ma'anoninta a Ingilishi

Manufar wannan taƙaitaccen nazari ita ce bin diddigin kalmar Ingilishi "messmate", wadda ke nufin abokin ciyayya na yau da kullum, musamman tsakanin sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa. Ɗalibai da dama sukan yi tuntuɓe da ita wajen fassara, domin a yau an fi sanin "mess" da ma'anar hargitsi ko ƙazanta.

Kalmar harɗaɗɗiya ce mai ɓangare biyu. Na farko, wato "mess", ya shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci wajen shekarar 1300. Tushensa "missus" ne na Latin, ma'ana abincin da aka ajiye a gaban mai ci. Da fari rabon abinci yake nufi. A ƙarni na 15 sai ya ƙara ma'anar rukunin mutanen da ake zuba wa abinci tare, galibi su huɗu. Daga nan ya zama sunan ɗakin cin abincin sojoji, kamar yadda muka san shi a barikokinmu. Ma'anar hargitsi kuwa ba ta kankama ba sai a ƙarni na 19, kuma ta biyo ne ta kan dagwalon da ake cakuɗa wa dabbobi.

Ɓangare na biyu, "mate", an aro shi a ƙarni na 14 daga Jamusancin arewa, inda yake nufin wanda ake ci tare da shi. Ɗan'uwan "meat" ne, kalmar da a dā ta ƙunshi kowane irin abinci kafin ta tsaya ga nama. Ashe ke nan ciyayya aka ambata har sau biyu a kalma guda.

Masana halittu ma sun ci moriyarta. Da aka fassara littafin Van Beneden, masanin dabbobi ɗan Beljiyam, zuwa Ingilishi a 1876, da ita aka kira halittar da ke raɓe da wata tana samun abinci ba tare da ta cuce ta ba.

Haka zancen yake ga "companion", wadda ta fito daga Latin "com" da "panis", wato tarayya a kan gurasa. 'Yar'uwarta "company" ita ce Hausa ta ara ta mayar "kamfani".

A taƙaice, duk mai fassara da ya ci karo da "messmate" ya kawar da tunanin ƙazanta. Abin da Bahaushe ke nufi da waɗanda suka sa hannu a akushi ɗaya shi ne ainihin ma'anarta.