Tafinta, Mai Fassara da Fassarar Guzuri

Duk wanda ya taɓa zama a kotu a Bodinga ko Shagari ya san aikin tafinta: mai ƙara ya faɗi jimla da Fulatanci, tafinta ya mayar da ita Hausa, a dakata, a sake. Kalmar tafinta daga Turanci muka aro ta, kuma da wannan kalma ta Turanci ce masana kwamfuta ke kiran manhajar da ke gudanar da Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Sunan ya dace. A Python ba dole ne a bayyana tun farko ko abu lamba ne ko rubutu ba, don haka tafinta sai ya duba kafin kowane lissafi. In za a maimaita sau miliyan, sau miliyan zai duba. Nan jinkirin yake.

Maganinsa aikin kwamfaila ne. Grace Hopper ce ta yi amfani da wannan suna a 1952, da ma'anar mai tattarawa, domin manhajarta tana harhaɗa guntayen umarni daga taska ne. Aikin ya sauya, sunan ya zauna. Da Hausa, mai fassara ya fi gaskiya. Wannan ƙasa, inda Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ta san wannan sana'a: 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙinsa na Fulatanci Hausa sau ɗaya, masu karatu suka huta da jiran tafinta.

Haka manhajar Cython, wadda ta fito a 2007, take yi wa Python. Ka faɗa mata wannan lamba ce, ta juya rubutunka zuwa harshen C, daga nan zuwa yaren inji, tun kafin a kunna manhajar. Ina ganin fassarar guzuri ya kamata mu kira wannan, domin a gida ake ɗaure guzuri. Manhajar PyPy kuwa tana bari tafiya ta fara, ta lura da inda ake yawan maimaitawa, ta fassara shi nan take: fassarar zafi-zafi.

Guzuri yana da sharaɗi: sai ka san hanya. Abin da ka ce lamba ne, lamba zai zauna. Ɗalibin Shagari da aka koya wa darasin da waɗannan sunaye zai gane cinikin tun ranar farko: ya ba da 'yancin sauya magana, ya karɓi sauri.