Musun Manhaja a Zangon Ayigya: Wace Na'ura Ce Mai Amana?

Titin Akra ne ya raba Ayigya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka buɗe a Kumasi a 1952 tana kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Daga Tek Jankshan da ƙafa ake tsallakawa a shiga unguwa. Wannan maƙwabtaka ce ta sa musun ɗaliban injiniya yake gangarowa cikin Zango, a ji shi a shagon buga takardu da fotokofi, da teburin mai gyaran waya, da bes ɗin samari inda ake dafa ataya bayan isha'i. Wani ya ce Windows ce kwamfuta, sauran duk wahala ce. Wani ya ce wanda ya san abin da yake yi Linux yake sa wa na'urarsa. Mai iPhone na ganin babu kamar tasa, mai Tecno na tambayarsa sau nawa ya sa caji tun safe. A kan burauza ma kowa da gwaninsa, daga Chrome da Firefox har Opera Mini.

Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, musun yana da tushe, amma mudun da ake awo da shi na aro ne. Inda aka ƙera waɗannan manhajoji, idan an ce manhaja tana da amana ana nufin ba ta yawan maƙalewa, kuma ba ta da kafofi da yawa da ɓarawo zai bi. An riga an ɗauka cewa wuta ba ta ɗaukewa, data ba ta ƙarewa ana tsakiyar aiki, na'urar kuma sabuwa ce. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da mutumin Zango yake da tabbacinsa. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, ya yi tsanani, jadawalin rabon wuta ya kai ga awa 12 da wuta, awa 24 babu. A irin wannan hali ba yawan maƙalewar manhaja ake fara tambaya ba. Ana tambayar abin da zai sami takardar da ake cikin bugawa idan wuta ta tafi ba sallama.

Marigayi Herman Chinery-Hesse, wanda ya kafa kamfanin theSOFTtribe a Akra a 1991 ya kuma rasu a 2024, ya daɗe da gane wannan. Ya riƙa cewa manhajar da za ta yi aiki a ƙasashe irin namu dole ta jure yanayinmu: ta tashi lafiya bayan wuta ta yanke, ta yi aiki ko layi ya tsinke, ta zauna a tsohuwar na'ura, kuma kuɗinta kada ya fi ƙarfin mai saye. Da wannan mudu ya kamata a auna kowane gwani da ake kurantawa a bes.

Musun burauza shi ne mafi sauƙin warwarewa. Opera ta koma kan injin Chromium na Google tun 2013, Edge ta Microsoft ta bi sahu a Janairun 2020, bayan haka aka yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Ke nan mai Chrome da mai Edge da mai Opera a kwamfuta kusan abu ɗaya suke riƙe da shi, riga ce ta bambanta. Firefox da Safari ne ke da injin kansu. Opera Mini kuwa, wadda ta bazu a duniya tun 2006, dabararta daban ce: kafin shafi ya iso wayarka sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi, a rage nauyin hotuna, sannan a turo maka. Kamfanin ya ce ragin kan kai kashi 90 cikin 100. Ɗalibin da ke da intanet ɗin jami'a yana iya raina ta, ya ce tana ɓata fasalin shafi, kuma gaskiya ne tana ɓatawa. Amma mai sayen data ta sidi biyu ko uku ya fi shi sanin abin da yake bukata. Aibinta na gaske wani ne, ba a kuma cika kawo shi a musu ba: a yanayin matsi mai tsanani, duk abin da ka buɗe yana ratsa hannun wani kamfani, wanda tun 2016 ya koma mallakar wasu masu zuba jari na ƙasar Sin. Wanda zai shiga asusun banki ya kamata ya san haka.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wa'adin na'ura. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shaguna a Kumasi na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus, an shigo da su daga Turai da Amurka bayan ofisoshi sun gama da su. Haka wayoyi da yawa da ake sayarwa a PZ cikin Adum. Na'urar na iya zuwa garau, allo lafiya, batir da sauransa, amma kwananta a hannun wani yake. Microsoft ta daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 da ta gaje su tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa, idan ta Intel ce, zubi na takwas ko sama, wato wadda ta fara fitowa a 2017. Laftof ɗin da ta girmi haka, ko ta fi ƙarfin aikin da ake ba ta, an rufe mata ƙofa. Daga nan sai sauran manhajoji su riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya: Chrome ta bar Windows 7 a farkon 2023, WhatsApp kuma tun Oktoban 2023 ba ya aiki a wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba.

Akwai ma nau'in mutuwar da mai waya ba ya gane dalilinta. Shafukan intanet suna gabatar da takardar shaida ga burauza, ita kuma ta duba jerin masu hatimin da ta amince da su. A tsohuwar waya wannan jeri ba ya sabuntuwa. Da hatimin riƙon ƙwarya da Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba shafuka wannan takarda, ke dogaro da shi ya ƙare a 2024, wayoyin da ba su kai Android 7.1.1 ba suka fara nuna gargaɗin rashin tsaro a shafukan da babu abin da ya same su. Mai waya sai ya zargi sabis, ko ya kai ta gyara a wanke ta a banza. Maganin kuwa a lokacin ƙarami ne, domin Firefox tana tafe da nata jerin. Ga wuri guda da zaɓin burauza yake da tasiri na haƙiƙa, amma sai an sami wanda ya san dalili.

Masu goyon bayan sabuntawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya bi ta wata kafa da Microsoft ta riga ta toshe wata biyu kafin nan, ya kama kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe sama da 100, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kwamfutar da aka sa wa Windows ta bayan fage, aka kashe sabuntawa don kada a gano ta ko don kada ta cinye data, a buɗe take ga irin wannan. Duk wanda ya taɓa kai filasha shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace ya san zancen. Sai dai ranar 19 ga Yuli 2024 ta nuna ɗaya gefen. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, na'urori kimanin miliyan 8.5 masu Windows, bisa ƙiyasin Microsoft, suka ƙi tashi, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Waɗanda abin ya kayar su ne masu lasisi, masu biyan kuɗin tsaro, masu karɓar sabuntawa nan take. A ganina darasin abubuwan biyu ɗaya ne ga mutumin Ayigya: ko ya sabunta ko ya ƙi, hukuncin lafiyar na'urarsa ana yanke shi a inda ba a san da shi ba.

Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa musun gaba ɗaya ya tsaya. Igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana na cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa, gyara ya ɗauki makonni. Mai iPhone da mai itel suka zama ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Idan da juriya za a auna, fasahar da ta fi kowace amana a Zango ita ce wadda ba a taɓa sa ta a musu: lambar *170# ta MoMo, tsarin tura kuɗi ta waya wanda MTN ta fara a Gana a 2009. Ba ta bukatar data, ba ta bukatar burauza, ba ruwanta da Android ko iOS, tana tafiya a ƙaramar waya mai madannai da caji ɗaya ke kai ta kwanaki. Mai waake da mai sayar da goro da direban trotro duk da ita suke karɓar kuɗi. Tana da nata rauni, masu damfara ta kiran waya sun san shi sarai, amma ta cika sharuɗɗan Chinery-Hesse fiye da duk manhajar da ake taƙama da ita.

To, 'yan Linux fa? Zuciyata tana wajensu, domin a maganar wa'adi su ke da gaskiya. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, babu kamfani guda da zai ce yau kwananta ya ƙare, kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi da ke tayar da laftof mai shekara goma sha biyu. Ubuntu, da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, kyauta ce ta halal, ba sai an saci lasisi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da ake tambayar malamai hukuncin kowace irin dukiya. Android ɗin da ke aljihun kowa ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina shi. Duk da haka suna kuskure idan suka ɗauka jahilci ne ya hana mutane binsu. Mai shagon da ke zana katin aure da fostar maulidi da CorelDRAW yake aiki, ita kuwa ba ta da sigar Linux. Makaranta ma Windows ta sani. A 2018 hoton malam Richard Akoto ya zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo a wata ƙaramar sakandare ta Sekyedumase, a nan jihar Ashanti, saboda ɗalibansa za su rubuta jarrabawar kwamfuta ba su da kwamfuta. An yaba wa himmarsa, kuma ya cancanta. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yaro ya tashi yana ganin hajar kamfani ɗaya ita ce kwamfuta kanta.

Babban dalilin da ya hana mutane bin Linux dai shi ne mai gyara. A nan tarihin Zango yana da abin faɗi. Polly Hill a 1966, da Enid Schildkrout a littafinta na 1978 kan mutanen Zangon Kumasi, sun bayyana yadda baƙon ɗan kasuwa ke sauka gidan maigida, shi ya nemo masa mai saye, shi ya tsaya masa lamuni idan an ɗauki kaya bashi. Falke bai san mahaucin Kumasi ba, maigida ya sani, kuma ya san inda zai same shi gobe. Haka mai sayen waya yake a yau. Bai san Google ba, bai san Apple ba, ya san yaron da ke teburin bakin titi wanda zai canza masa allo kafin la'asar. Tecno da itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, sun ci kasuwa da arha da batir mai daɗewa da gurbin layi biyu, sun kuma ci ta da cewa kayan gyaransu na nan a Adum kuma hannun da ya san su yana da yawa. Wanda ya sa Ubuntu, na'urar buga takardarsa ta ƙi aiki da dare, ba shi da maigida a unguwa.

Harshe ma yana da hannu a ciki. Hausa ce ke haɗa Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bakotokole a Zango, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Da yawa daga masu jin ta ba su saba rubuta ta da boko ba, dattawan da suka iya ajami kuma allon wayar bai zo musu da shi a shirye ba. Shi ya sa saƙon murya ya zama wasiƙar Zango, daga Ayigya zuwa Nima, zuwa 'yan'uwa a Bronx ko Hambog. Ga uwar da ke sauraron muryar ɗanta daga ƙetare, ranar da WhatsApp ya daina buɗewa a wayarta ita ce ranar da wayar ta mutu, ko da komai nata na aiki.

Kumasi ta taɓa gwada hanyar da nake ganin ta dace. Jami'ar ta kafa Cibiyar Ba da Shawara kan Fasaha a 1972, a 1980 kuma cibiyar ta buɗe reshe a cikin Suame Magazine kanta, ta kai injinan sassaƙa ƙarfe da dabarun narka shi wurin makanikai da maƙera, ba ta jira su zo aji ba. Masu gyaran waya da kwamfuta na Ayigya da Aboabo da Asawase su ne makanikan wannan zamani, kuma tazararsu da jami'a ba ta kai ta Suame ba. Abin da suke bukata a koya musu sananne ne: yadda ake sa Linux mara nauyi a laftof ɗin da Windows 11 ta ƙi, yadda ake haɗa ta da na'urar buga takardu, yadda ake gane matsalar hatimi daga matsalar sabis, yadda ake ceto fayilolin mutum kafin a wanke masa na'ura, yadda ake sa allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ da kuma na ajami. Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 ta samar, yana da hurumin ɗaukar nauyin irin wannan horo. Idan ba a yi ba, laftof ɗin da wa'adin Oktoban 2025 ya shafa hanya biyu ta rage musu: su ci gaba da aiki babu kariya, ko su ƙare a wurin 'yan gwangwani na Dagomba Line, inda ake fasa su a ƙona wayoyin ciki don a ciro tagulla.