Lu Xun: Ɗalibin Likitanci Da Ya Ɗauki Sunan Gidan Mahaifiyarsa

 Yau ƙasar Sin za mu leƙa, in ba ku labarin Lu Xun, ana furta shi Lu Shun. Duk ɗan makaranta a can ya karanta shi, amma fa ba sunansa na gaskiya ba ne. Sunansa Zhou Shuren.

An haife shi a 1881 a garin Shaoxing, a gidan masu ilimi. Yana yaro aka ɗaure kakansa kan ba da cin hanci a jarrabawar gwamnati. Mahaifinsa kuma ya kwanta jinya, kuɗin magungunan gargajiya suka cinye abin da ya rage, ya rasu a 1896. Wannan baƙin cikin ne ya kai shi karatun likitanci a Sendai ta Japan a 1904.

To ga inda labarin ya taɓa ni. Shi da kansa ya ce wata rana a aji aka nuna musu hoton wani ɗan Sin da sojojin Japan za su fille wa kai, wai yana yi wa Rasha leƙen asiri. 'Yan ƙasarsu na tsaye lafiyarsu ƙalau, sun zuba ido suna kallo. Nan ya gane ciwon mutanensa ba a jiki yake ba, a zuciya yake. Ya ajiye likitanci, ya kama alƙalami.

A 1918 ya fitar da labarin "Kundin Mahaukaci", inda mahaukacin ke ganin tsofaffin al'adu na cin mutane da ransu. Da harshen da talaka ke magana ya rubuta shi, ba na tsofaffin littattafai ba. A nan ya fara sa hannu da Lu Xun. Lu ɗin sunan gidan mahaifiyarsa ne, matar da ta koya wa kanta karatu. Daga baya ya yi amfani da sunaye sama da 100, don kauce wa masu tace rubutu.

Tarin fuka ya yi ajalinsa a Shanghai ranar 19 ga Oktoba, 1936. Mao Zedong ya yaba masa matuƙa, alhali bai taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ba.

Tambayata gare ku: da a gabanku abin ya faru, kallo za ku tsaya yi? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.