Daga Garmaho Zuwa Bulutut: Kafin Ka Sayi Sifika, Saurari Wannan

Yau zan fara ne da tona wa kaina asiri.

Bara na tara 'yan kuɗina na shiga kasuwa a Gusau, na sayo wata ƙatuwar sifika mai fitilu kala-kala, an rubuta wat 5000 a jikin kwalinta. Na kai ta gidanmu a Bungudu ina taƙama, na kunna wa kakana waƙar Musa Ɗanƙwairo. Tsohon ya yi shiru can, sai ya ce: “Kai yaro, ina kotson ya tafi?” Wallahi gaskiyarsa ce. Dum-dum kawai ake ji, taga na rawa, amma kiɗan ya cakuɗe, muryoyin 'yan amshi sun nutse. Tambayar nan ce ta sa na bi diddigin yadda sauti ya shigo gidajenmu.

Irin sifikar da muke amfani da ita yau, wasu injiniyoyi biyu ne na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da tsarinta a 1925: maganaɗisu, naɗin waya, da faifan takarda mai tura iska. Har gobe a kan wannan ake.

A nan gida kuwa, jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Yana kwasar gyaɗa da auduga, yana kawo kayan kanti. A zamanin Turawa garmaho da faifai sai gidan mai hali. A 1944 aka buɗe rediyon waya a Kano: akwati ne kawai da sifika a ciki, ba ka da zaɓin tasha, abin da aka turo shi za ka ji. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka. Sai kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Da rikoda ta yaɗu, manomi ya samu ikon jin Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru ko Kassu Zurmi duk lokacin da ya so, ba sai ya je fada ko ya jira rediyo ba.

Ku lura da wani abu. Duk tsawon wannan zamani, murya iyayenmu ke nema. Mawaƙin fada zance yake yi, in kalma ɗaya ta kuɓuce maka, zambon ya wuce ka. Mu ne muka zo muka mayar da ƙara ita ce ma'auni.

To kai mai shirin sayen sifikarka ta farko, ga abin da na koya da kuɗina.

Na ɗaya, kada lambar kwali ta ruɗe ka. In ka ga PMPO, talla ce. Nemi RMS, ita ke nuna ƙarfin da sifika ke ɗauka a kai a kai. Ɗaki ɗaya ba ya buƙatar abin da ake kafawa a filin biki.

Na biyu, tafi da waƙar da ka haddace a memori. Kada mai shago ya zaɓa maka. Rage ƙarar, ka saurara: kana rarrabe muryar uban waƙa da ta 'yan amshi? Kana jin kalangu yana magana?

Na uku, in sifikar mai buƙatar amfilifaya ce, duba om ɗinta, yawanci 4 ko 8, ka tabbatar amfilifayar na iya ɗauka. In ba haka ba, za ta yi zafi ta lalace.

Na huɗu, ɗakinka ma kayan sauti ne. Siminti tsirara yana mayar da amo. Darduma da labule na gyara shi. Raba sifikun biyu hagu da dama, daidai tsayin kunnenka, kada ka cusa su a kusurwa.

Na biyar, tuna da wutarmu. Wadda ƙaramar sola za ta iya riƙewa ta fi wadda sai da janareta.

Wani zai ce, ana fama da rashin tsaro kai kana zancen sifika? Ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara. Intanet ta ɗauke, muka koma ga rediyo da abin da muka adana a memori. A lokacin na gane duk abin da ba ya hannunmu, ba namu ba ne. Kaset-kaset na iyayenmu suna can cikin akwatuna, zafi da ƙura na cin su.

Ni dai na sayar da mai fitilun da asara, na sayi ƙananan akwatuna biyu na hannu. Yanzu duk Juma'a ina juyar kaset ɗin kakana zuwa kwamfuta. Ran da na sake kunna masa, bai ce komai ba, amshi kawai ya kama.

In akwai tsohon kaset a gidanku, ku faɗa mana na wane ne a ƙasan wannan rubutu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.